Zaren Cikin Souley

Ruwan ya fara hucewa a bokiti, amma Safiatou ta ce ba wanda zai taɓa mijinta Souley sai ta ji daga bakin mutanen asibiti.

Tana tsaye a bakin ƙofa, leda a hammata, waya a kunne, kiɗan jira yana ta maimaita kansa. Harouna, aminin Souley tun suna yara a Maraɗi, ya leƙo daga ɗakin da hannun riga a naɗe. Ya ce in tana tsoro sai su tsallake cikin, su wanke sauran jikin. Ta ce ba za a rage wa mijinta komai ba. Ya koma ya ja ƙofa.

Mace ce da ta san zare. Shekara da shekaru tana sayar da yadi da kayan ɗinki a unguwar Parkchester, ba ta taɓa karɓar zare ba sai ta ja shi da haƙori. Shi ya sa ranar da likita ya ce inji ne zai yi wa Souley aikin hanji, shi kuma yana gefe yana sarrafa shi, ba ta tambayi wuƙa ba. Zare ta tambaya. Ta sa aka kawo mata, siriri kamar gashi. Ta naɗe a yatsu ta ja, bai tsinke ba, ita kuma ba ta gamsu ba. Yatsun ƙarfe ba su san ya isa ba, in ji ta, in suka damƙi zare sai su ci shi. Likita ya ce hakan na iya faruwa, shi ya sa ake lura. Ta nemi mai kauri. Ya ce nan ba kasuwa ba ce.

Souley na kwance yana dariya. "Safi, ki bar bawan Allah. Ba shadda zai ɗinka ba."

Aka yi aikin, aka sallame shi da 'yan ramuka a ciki. Ko ita ba ya son ta gani. Mutum ne da bai taɓa fita ba hula ba, balle ya buɗe riga gaban jama'a. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan: kada cikin nan ya ɓalle a gaban maza.

Kiɗan ya yanke. Muniratu ce, nas ɗin nan 'yar zangon Kumasi da ta yi musu tafinta.

"Mama, sannu! Ya jikin Baba?"

"Zaren cikinsa nake tambaya. Ruwa zai kwance shi?"

"A'a, no problem. Kar dai a goga wurin."

"In an juya shi fa, dama da hagu?"

"A hankali dai, Mama."

"In an danna cikin?"

"Wa zai danna? Kar a danna."

"Yarinya, ba shawara na nema ba. In an ɗora hannu an matsa kaɗan, zai buɗe ko ba zai buɗe ba? Je ki tambayo mai injin."

Kiɗan ya dawo. Safiatou ta kafa wa bango ido. Akwai tsaga a fenti, ta bi ta da kallo har ƙasa, ta sake hawa. Tun safe ba ta ji komai ba, ko ƙishirwa.

Muniratu ta dawo. Likita ya ce zaren na riƙewa makonni kafin ya narke, matsi kaɗan ba zai tsinka shi ba, amma gara a bari.

"Ya ce zai riƙe?"

"Zai riƙe. Mama, kar ku manta appointment ɗinsa da likita ran Alhamis."

"To," in ji Safiatou. Ta kashe wayar.

Ta ƙwanƙwasa. Harouna ya buɗe, idanunsa sun yi ja.

"Ku yi masa yadda ake yi wa kowa," ta ce. "Ku matsa cikin. Zaren zai riƙe."

Sannan ta zaro ledar daga hammata, ta miƙa masa likkafanin da ta yanka da hannunta.