Hannun da Ya Tuna Kalangu

Cikin dare Malam Sambo ya ji ana ƙwanƙwasa katakon gadonsa, kiɗa tsaf irin na mahauta. Da ya haska fitila, ashe yatsunsa ne suke yi.

Hannun ya shanye bara, asibiti suka dasa masa jijiyoyin wani mamaci, kamar yadda ake yi wa kowa yanzu. Shi kuwa bai taɓa riƙe kalangu ba. Ya danne hannun da cinya, kada a ji a ce a cire.

Da safe maƙwabciyarsa Tabawa, matar marigayi Ilu makaɗi, ta yi sallama. Ba fuskarsa take kallo ba, hannun take kallo.

"Malam, na ji kiɗan maigidana jiya. Ya tambaye ni kuwa?"