Ɗan Bugun da Ya Ƙi Zama a Benci

Ka taɓa ganin mutumin da aikinsa duka bai wuce minti biyar ba a yini, amma jiran mintunan nan ya fi aikin cin ransa? To, ga labarin wani.

A wani gari an yi wata ƙungiyar besbol, wasan nan da wani ke jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya tare ta da sanda ya maka ta can nesa. In ya kai bugu ya kuskure sau uku, ya fita. Kowane ɗan wasa yana bugu kuma yana tsaron fili, ban da mutum ɗaya da ake kira ɗan bugu. Shi ba ya tsaro, ba ya jifa. Yana zaune a benci har layi ya zo kansa, watakila sau huɗu a wasa guda, ya tashi ya buga, ya dawo ya zauna. Wani saurayi ya faɗa wannan matsayi ba da son ransa ba, don kafaɗarsa ta goce, jifa ya gagare shi. A bangon ɗakin ajiye kayansu kuwa an rubuta da fenti sunayen 'yan bugun da suka fi kowa yin kakar wasa mai kyau, saurayin ya bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Na uku tela ne mai tumbi. Na biyu ya haura shekara arba'in lokacin da ya yi tasa bajintar. Na ɗaya, mai bugu arba'in da ɗaya a kaka guda, wani dattijo ne mai ciwon gwiwa da har yanzu yake dogaro sanda ya zo ya zauna a ƙarshen benci. Saurayin ya yi dariya a ransa. In mai tumbi da mai ɗingishi sun yi haka, ina ga shi da jini ke tafasa?

Sai dai zama ya gagare shi. Da abokansa sun fita tsaro, sai ya ji kamar an zuba cinnaka a bencin. Ya tashi, ya zauna, ya kwance igiyar takalmi ya sake ɗaurewa, daga ƙarshe ya suri sanda ya zagaya bayan katanga yana dukan iska, ɗari, ɗari biyu, har tafin hannunsa ya yi bororo. Yana jiyo ihun 'yan kallo, amma ba ya ganin fili. Kaka ta yi nisa, bugunsa na ja da baya, shi kuma yana ƙara wa kansa atisaye. Ana gobe wasan ƙarshe koci ya gaya masa gaskiya: kujera ɗaya ce ta ɗan bugu a motar zuwa gasar ƙasa, in bai nuna komai ba gobe, wani zai hau kanta. Wanda ba ya iya jifa kuwa, in ya rasa bugu ya rasa wasan ke nan gaba ɗaya.

Mai jifan abokan karawarsu jifa iri biyu gare shi: ɗaya mai sauri, ɗaya na yaudara, wanda ke tahowa kamar da gudu sai ya lanƙwashe ya faɗi ƙasa. Ranar wasan, a tashin farko saurayin ya daki iska sau uku. Yana dawowa dattijon ya bubbuga bencin kusa da shi, ya ce ya zo ya zauna, akwai abin da zai nuna masa.

"Baba, zama ai na masu ciwon gwiwa ne," in ji saurayin, ya wuce bayan katanga.

Abin da dattijon ya gani ba na shela ba ne. Duk sanda mai jifan zai saki na yaudarar, sai ya goge yatsunsa a cinyar wando. In aka faɗa da ƙarfi, mutanen mai jifan za su ji, ya gyara, sirri ya tashi a banza. Don haka raɗa aka yi ta yi daga kunne zuwa kunne a kan bencin, waɗanda ke zaune suka fara samun bugu. An aika a kira saurayin, ya ce yana zuwa. Bai zo ba. Daga bayan katanga yake rugowa kai tsaye in an kira sunansa, gumi sharkaf, ya daki iska, ya koma. A tashi na huɗu, bugu ɗaya tak ƙungiyar ke nema, shi kuma ya riga ya kuskure sau biyu. Mai jifa ya goge yatsu a wando. Duk benci ya gani. Mutum ɗaya ne a cikinsu bai san ma'anar abin ba, kuma shi ke riƙe da sanda. Ya kai bugu da duk ƙarfin da ya rage masa, ƙwallo tana can ƙasa tana birgima.

Ranar ne ya fara zama a bencin, don babu sauran inda zai ruga. Dattijon ya dubi hannayen saurayin da suka sassaɓe, ya ce, "Ɗana, arba'in da ɗayan nan ba ƙarfin hannu ya buga su ba. Gwiwar nan ce ta hana ni tashi, sai ido ya samu aiki."

Mota ta tashi, wani na kan kujerar.

To, kai da ke ta kai-komo a bayan taka katangar, gobe kafin ka suri sanda, zauna ka kalli mai jifanka ko na rabin sa'a ne, ka kuma tambayi wanda ya riga ka daɗewa a benci abin da idonsa ya gani. Hausawa sun gama magana: zafin nema ba ya kawo samu.