Jan Inji da Koren Batir

An yi wani kafinta da ya daɗe yana aikin rufi a birni, ya dawo garinsu da injin huda ja mai aiki da batir. Injin nan in ya kama ƙusar murɗi sai ya nutsa da ita cikin ƙarfe kamar ana soka tsinke a tuwo. Baturansa biyu ne, manya, masu nauyi. Kafintocin garin kuwa duk koren inji suke riƙewa, ƙarami, mai araha, wanda batirinsa ba ya kai azahar. Ba shawara suka yi suka taru a kansa ba. Na farko ya saya, na biyu ya ga zai samu aron caja a wurinsa, haka abin ya bi gari. Wutar lantarki a garin rabo ce, yau tana wannan unguwa, gobe tana waccan, don haka suka saba da wata al'ada: wanda aka kawo wa wuta shi ne mai cajin kowa. Kowa ya ɗiga wa batirinsa fenti don shaida, a tara a shago ɗaya, in sun cika ka ɗauki naka, ko na wani in ka matsu. To, jan batir ba ya shiga koriyar caja, koren batir ba ya zama a jan inji. Kafintan ya ga shi ɗan gari ne, amma injinsa baƙo.

Sai ya je kasuwa neman adafta, ɗan abin roba da ake maƙalawa tsakanin inji da batirin da ba nasa ba. Mai shago ya ajiye masa guda biyu masu kama da juna kamar tagwaye, ya ce, "Maigida, kowacce hanya ɗaya take bi. Wannan ta sa jan batirinka ya tuƙa koren inji, wannan ta sa koren batir ya tuƙa jan injinka. Caji kuwa babu mai yi a cikinsu, kada ka ce ban faɗa ba." Kuɗinsa na sayen guda ɗaya ne kawai, ransa kuma ya fi kwanta wa ta farko. Da ita shi ne zai zama mai bayarwa: ya miƙa wa maƙwabci jan batir, ya tsaya yana kallon yadda koren inji zai zabura, ana jinjina masa. Ta biyun ta mai karɓa ce, kuma mutumin da ya dawo daga birni ba ya son a fara saninsa da miƙa hannu. Ya daɗe yana juya su a tafinsa. Can ya tuna jajayen baturan nan biyu ne tak a faɗin garin, cajarsu ɗaya, a unguwa ɗaya. Koraye kuwa babu lungun da ba su kwana. Ya ɗauki ta biyu. Daga baya ya sayi koren batir guda, ya ɗiga masa fenti, ya kai inda ake tarawa, don wanda bai zuba adashi ba ba ya kwasa. Wani tsohon abokin wasansa da ya ga haɗin ya yi ta dariya, ya ce, "Ka sayi ingarma kana ba shi dusar jaki!"

Da damina ta kusa faɗuwa, wani ɗan kasuwa ya ba shi aikin sauya rufin ɗakin da yake ajiye wake. Buhuna suna ciki har kusa da sama, babu inda za a kai su, kafintan kuwa ya ba da kalmarsa cewa zai kware tsohon kwano da safe, ya rufe da sabo kafin magariba. Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fi kaurin da ya zata, kuma ƙarfe ba ya karɓar guduma, sai murɗi. Kafin la'asar jajayen batura biyu sun mutu, cajarsu tana shagonsa inda babu wuta, rabin ɗakin a buɗe, ga hadari ya haɗo daga gabas. Mai wake yana tsaye a ƙasa, ya dubi sama, ya dubi kafinta. Kafintan ya maƙala adafta, ya sa korensa, ya buga wa kafinta ɗaya waya, labari ya bazu. Kafin nasa ya ƙare batura sun fara isowa, a kan mashin, a kan keke, a aljihun riga, mai ɗigon shuɗi, mai ɗigon fari, ana sa su a bokiti yana ja da igiya. Babu wanda ya daɗe a cikinsu. Kowanne ya murɗa layi ɗaya ya sare, wani ya karɓa. Injin ya rage murya, adaftar tana ɗan rawa har sai ya tallafe ta da ɗaya hannun, amma bai tsaya ba. Yana ɗaure kwanon ƙarshe ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo masa a wuya.

Ya sauko suka fake a bakin ƙofa, ruwa yana dukan sabon rufi, wake a bushe a bayansu. Abokin wasan nan yana cikin waɗanda suka kawo batir, ya taɓa shi da gwiwar hannu ya ce, "Ashe ingarma yana cin dusa." Kafintan ya goge injinsa da gefen riga, ya ce, "Ya ci, har ya ƙoshi."

Abin da Hausawa suka gani ke nan da suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.