Hannun da Ba Ya Saki

"Saki mana, Mama!" in ji 'yata, wadda muke aikin binciken tare. "Ko sai kofinmu ya huce?"

Yatsuna sun ƙame a kan makunnin na'urar gwajin. Haka ciwon tsokar da na gada wurin mahaifina yake: in na damƙe abu, sakinsa sai an yi da gaske. Bana kuma ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, jiya har sunan titinmu a birnin Bremen na Jamus ya ɓace mini. Shugaban sashe ya ce daga wannan gwajin in je in huta.

Can saman hasumiyar da muke gwajin, wani akwatin ƙarfe ke rataye, cikinsa ƙwayoyin zarra da muka sanyaya har suka kusa daina motsi. Da na saki makunnin zai faɗo, su yi 'yan daƙiƙu babu nauyi.

"Kawo in taya ki."

"Ke, kauce! Tun kina rarrafe nake jiran ranar nan."

Na matse, na sassauta, na sake matsewa, yadda Baba ke yi da cokali. Yatsun suka buɗe.

Akwatin ya faɗo. A kan allo, gajimaren zarran ya buɗe a hankali kamar tafin hannu.

'Yata ta yi ihu, ta cafke hannuna. Can dariyarta ta ɗauke, amma yatsunta sun ƙi saki. Ta dube su, ta dube ni.

Ashe ban ga ta hutu ba.

"Kar ki ja," na ce. "Matse. Yanzu sassauta. Sake."