Wanda Ya Koya wa Kuramena Maganar Hannu

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa natsuwar zama da takarda a wannan zamani na gaggawa, ina roƙon ka gyara zama, ka ba ni aron hankalinka, domin mai yi maka wannan bayani ba mai tatsuniya ba ne. Ni tsohon hedimasta ne. Na yi karatu a lokacin da ake duba farcen ɗalibi kafin a dubi rubutunsa, na kuma shugabanci makarantar kwana ta kurame shekara goma sha tara, ba wanda ya taɓa gyara mini ko da waƙafi.

A wancan zamani masana sun yanke cewa maganar hannu tana lalata kurma. Abin da ake so shi ne ya dubi leɓen mai magana ya karanta, ya kuma yi ta motsa nasa a gaban madubi har sauti ya fito. Saboda haka na kafa doka: ɗalibi ya riƙa tafiya hannuwansa a baya, ma'aikacin da aka kama yana koyar da maganar hannu kuwa ya tattara kayansa a ranar.

Dokar ta yi albarka. Kowace safiya nakan hau dakalin taro in yi jawabin rabin sa'a, yara suna kallona ko ƙiftawa babu. In na ce a shiga aji, a shiga. In na ce a share fili, a share. Sauran malamai kuwa su yi ta wage baki har muƙamuƙi ya yi tsami, ba mai fahimtar su. Na ɗauki wannan a matsayin bambancin horo.

Wata Talata mataimakina ya shigo ofis, ya rufo ƙofa.

"Ranka ya daɗe, an cuce mu. Je ka bayan ɗakin wanki ka ga hannuwa, sai ka ce korar ƙuda ake yi. Kuma aikin Inna ne."

Inna ita ce mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, dukkansu a ɗan ɗakin da makaranta ta ba ta. In aikin ya tafi, ɗakin ya tafi. Na kuma san ƙanwar matar mataimakina ta daɗe tana auna ɗakin nan da ido, amma doka ba ta san ƙanwar mata ba.

Kwana uku na yi ina laɓewa a tagar sito da littafina, ina zana abin da na gani. A ɗaga manuniya a kaɗa sau uku, an hana ke nan. A buɗe tafuka biyu a tura gaba, a shiga aji. A ƙwanƙwasa wuyan hannu a ɗaga gira, an makara. Na tara alama sittin, ban da ɗaruruwan da saurinsu ya fi ƙarfin idona. Dole in faɗi gaskiya, akwai tsari a cikin abin, har da wani kwarjini da na yi mamakin samunsa daga mace wadda ba ta gama firamare ba. A rana ta uku na ga Inna da idona tana mayar wa wata yarinya amsa da yatsu.

Na kira zama a ɗakin koyon furuci, inda dogon teburi yake. Na zauna, babban madubin yara yana bayana.

"Na iya, ranka ya daɗe, ban musa ba," in ji Inna. "Yarinya ta riƙe ciki tana kuka, da leɓe zan tambaye ta ina ke ciwo? Amma ba ni na koya musu ba. Su suka koya mini."

"Su kuma wa ya koya musu?"

"Ni dai na zo na tarar."

"Ka ji ta ko?" in ji mataimakina. "Bakin ma ya fi hannun sauri."

"Kai kuwa, ɗan nan, da suna gane naka bakin, da ba kullum kake aikowa in zo in zaunar maka da aji ba."

Na tsawatar, na miƙe domin yanke hukunci. Takardar sallama tana aljihuna, na riga na sa hannu.

"Alfarma ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Juya ka fuskanci bango ka faɗa. Ba zan iya haɗa ido da kai ba."

Na tausaya mata, na juya. Na fara da tarihin dokar, na ratsa ta kan muhimmancin kiyaye lokaci, na iso kan abin da aka hana. A nan na tsaya, idona a kan manuniyata da ke kaɗawa a cikin madubi. Na ciro littafina, na buɗe shafi na farko, na duba na biyu. Wani tari ya sarƙe Inna.

Mai karatu, adalci ba ya duban girman kowa. A zaman nan na wanke Inna, na yaga takardar, na soke dokar kafin ta ci wanda makaranta ba za ta iya rabuwa da shi ba. Amma mai laifin bai tsira ba. Tarar da na ci shi ita ce zaman kwana arba'in a bencin 'yan aji ɗaya, Inna tana koya masa kalmomin da yara suka ƙara a kan guda sittin da ya yi shekara goma sha tara yana koya musu daga dakalin taro, kuma ina tabbatar maka ba a ƙera bencin nan don gwiwoyin mutum mai tsayina ba.