Fitilar da Aka Kashe a Hawan Badaguishiri

Motar ta tsaya ne a tsakiyar hawa, bayan fita daga kwarin Badaguishiri. Inji yana kuka, tayoyi ba sa amsawa. Mutumin da ke tuƙi bai buɗe gaban mota ba. Ya sauke gilas, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

Wani mai amalanken shanu ne ya ja shi zuwa garajin da ke bakin gari, da buhu tara na albasa a baya, har kujeru. Ɗan'uwan mai tuƙin ne ya roƙe shi da safe ya kwashe su daga lambu kafin su lalace. Ya ce a ransa sau ɗaya ne, ba wanda zai sani.

Mai garajin sunansa Illo, bai kai arba'in ba. Ya zaro sandar awon man bwat, wato akwatin giya, ya goga a tsumma. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana warin ƙauri.

"Motarka ce, Malam?"

"Ta wata ungozoma ce a Malbaza," in ji mutumin, murya ƙasa ƙasa. Ya ƙara janyo hularsa kan goshi, ya cusa hannuwa cikin aljihu.

Ungozomar, Zalika, wata biyu tana zuwa ƙauyuka a bayan babur tana jiran a gama gyara. Gobe aka ce za a kai mata.

Illo ya shiga ƙarƙashin motar. Da ya miƙo hannu yana lalube, mutumin ya ɗauki sifana ya sa masa, ita ce kuwa daidai. Aka kwance murfin ƙasa. Baƙin gari ya taru a cikinsa, alamar fayafayan ciki sun cinye. Illo ya daɗe yana haska ciki, sannan ya fito yana girgiza kai.

"Bwat ɗin ga sabon haɗi ne. Dubi yadda aka zauna da kowane ƙusa. Wanga aikin Tanimun na Konni ne, ko ba a faɗa mini ba."

Mutumin ya dubi ƙasa.

"Ban taɓa ganin shi ba," Illo ya ci gaba, "amma duk abin da na sani na mota mai canza giya da kanta, daga muryoyin da yake turawa a waya na koya. Direbobi ke raba su. Kuma ba ya ba da mota sai ya yi wa mutum karatu. Bai gaya maka ba?"

"An faɗa."

"To mi ya hana ka ji?"

Illo bai jira amsa ba. Ya buɗe ƙofa, ya nuna ɗan maɓallin da ke gefen sandar giya. Direbobi uku da ke shan shayi a gindin iccen bedi suka matso. Ya bayyana musu duka: in an sa D, mota na hawa giyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Giyar sama, wadda ake kira O/D, ta shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, ba kaya, ba hawa. In da nauyi ko tudu, sai a danna maɓallin, 'yar fitila ta kama, mota ta tsaya a ta uku. In ba haka ba, sai ta riƙa hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, man ya ɗau zafi, fayafayai su ƙone. Sabon haɗi kuwa, kilomita dubu na farko ba a ɗora masa ko buhu biyu. A duba mai da ɗuminsa, a canza shi da wuri.

Leɓen mutumin na motsi tare da na Illo, ba sauti.

Ya san lokacin da abin ya faru. Shi da yatsansa ya kashe fitilar a kan miƙaƙƙiyar hanya. Da aka fara hawa, wata babbar motar siminti na gabansa tana rarrafe. Ya ji giyar ta sauka, ta hau, ta sake sauka. Sau uku ya ji. Maɓallin na ƙarƙashin babban yatsansa. Ya ce bari dai ya wuce motar tukuna, wannan bwat ba zai ba shi kunya ba.

"Buhu tara," in ji ɗaya daga cikin direbobin. "A motar mace mai aikin ceton rai."

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi zafi. Mutumin ya so ya ce a ba shi wuri da kayan aiki kawai, amma sai ya mayar da hannuwa cikin aljihu.

Illo ya goge hannu, ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, Malam, ka girme ni. Amma ni ba ni taɓa aikin Tanimun sai da izninsa. Bara wani direba ya ba ni lambarsa, ban taɓa kira ba, nauyinsa nake ji. Yau dole. Gara ya ji daga bakina yadda aka yi da aikinsa."

"Bari, kada ka..."

Illo ya riga ya danna, ya kara wayar a kunne.

A cikin aljihun mutumin, ƙarƙashin hannun da baƙin mai ya zauna a farcensa shekara talatin, waya ta fara ƙara.