Wadda Ta Ci Shari'a

Alƙali ya ce na ci shari'a, asibiti zai biya diyyar ɗana. Matar da ke gefena kuwa aka kori ƙararta, wai lauyanta ya makara. Allura ɗaya aka yi wa yaranmu bisa kuskure. Nawa ya rasu, nata ƙafafunsa suka shanye.

A bakin matakala ta dube ni.

"Yaya, kin ji daɗinki, an share miki hawaye."

Ta durƙusa ta goya ɗan nata tana mita: "Kai, ƙaton banza, za ka karya min baya!"

Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya ja mata kunne.

Na bi su da kallo har ƙasa. Wallahi da za ta yarda, da na ba ta hukuncin, ta ba ni ciwon bayan.